Akushina Daban

A ƙasarmu ciwon da ke da suna ya riga ya sami rabin magani. Idan aka ce wane yana kwance da shawara, kowace tsohuwa a unguwa ta san saiwar da za a jiƙa da abin da za a hana shi ci. Idan basir ne, masu tallar maganinsa sun cika kasuwa da lasifika, kuma tun kafin su Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan magungunansa. Ko maganin bai ci ba, mai ciwon yana da abin da zai faɗa wa masu zuwa gaisuwa, su ma suna da abin da za su mayar masa. Ciwon da ba shi da suna kuwa maraya ne. Mai shi yakan kwana da shi, ya tashi da shi, ya ɗauki nauyin yi wa kowa bayani, har ya gaji ya koma cewa "da sauƙi" ko da babu sauƙin. Ni irin waɗannan marayu guda biyu Allah Ya haɗa mini a jiki ɗaya, ɗaya a babban hanji, ɗaya a ƙashin baya, kuma yau shekara bakwai ke nan muna zaman doya da manja.

Haifaffen Kebbe ne ni, can ƙarshen kudancin Jihar Sakkwato inda ƙasarmu ta yi iyaka da Kebbi da Zamfara. Aikin koyarwa ya kawo ni Tambuwal, garin da Buhari ɗan Shehu ya zauna. Tsakanin garuruwan nan biyu na yi ta kai da kawo a kan babur kusan kowane ƙarshen mako, domin mahaifiyata da gonarmu suna Kebbe, iyalina da allo da alli suna Tambuwal. Saboda haka da baya ya fara ciwo, babu wanda ya sha wahalar neman dalili. Babur ne, in ji abokan aiki. Sanyi ne, in ji dattawa. Ni ma na karɓa, don kowanne daga cikinsu ya yi kama da gaskiya.

Sai dai wannan ciwon baya yana da halin da ya saɓa wa na manomi da na ɗan acaɓa. Su aiki ke tayar musu da shi, hutu ya kwantar. Nawa hutu ke tayar da shi. Zan kwanta lafiya bayan Isha'i, can wajen ƙarfe uku na dare in farka kamar an ɗaure mini tsatso da igiyar guga an ja. Ciwon yana zaune a ƙasan gadon baya, yau ya leƙa ɗuwawun dama, gobe na hagu. Da asuba ba na iya ruku'u sai dai in ɗan karkata kamar rakumin da ke shakkar durƙusawa. In na tako zuwa makaranta, na yi darasi biyu a tsaye, sai jiki ya saki, har in manta. Mutum ɗan shekara 27 da ke cewa kwanciya ce ke ba shi wahala, aiki ke ba shi sauƙi, wa zai yarda da shi? Wani mai shagon magani ya ba ni diklofenak, irin ƙwayar da rabin masu noman fadama ke sha da yamma. Ta yi aiki kamar yankan wuƙa. Na yi barci har asuba a karon farko cikin watanni.

Bayan kamar shekara guda ciki ya amsa. Ya fara da murɗa da yawan zagayawa, sannan majina, sannan jini. Akwai ranar da na ƙirga sau 11. Abin da ya fi jinin tayar da hankali shi ne gaggawar: daga lokacin da ciki ya yi kira zuwa lokacin da dole a amsa masa bai fi taku ashirin ba. Aka ce atini ne, aka ba ni Flagyl. Ba na ganin laifin kowa a nan, domin a ƙasar da muke shan ruwan rijiya da na gulbi, duk wanda ya ga zawo da jini ya ce atini ya faɗi abin da ya fi yiwuwa. Na sha, na ɗan ji dama, ya dawo. Na sake sha, ya sake dawowa. Aka koma kan basir, aka koma kan ɗankanoma, aka jiƙa mini sassaƙe iri-iri. Wandona ya fara zamewa, agogo ya fara yawo a hannuna.

Rama ita ce ta fitar da ciwon daga ɗaki zuwa bakin mutane. Namiji matashi mai albashi, yana ramewa, yana zawon da ba ya tsayawa, ba sai an faɗi sunan cutar da ake zargi ba. Na lura da yadda wasu suka daina zuba hannu a kwanon da na ci, da yadda gaisuwa ta yi tsawo amma musafaha ta gajarce. Na je aka gwada jinina, babu ƙanjamau. Aka gwada majinar ƙirji, babu tarin fuka. Takardun nan biyu na riƙa yawo da su a aljihu, ban taɓa nuna wa kowa ba, don babu wanda ya taɓa tambayata a fili. Zargin da ba a furta ba, ba shi da ƙofar da za a bi a kore shi.

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato aka raɗa wa marayun suna. Tafiyar kusan kilomita 100 ce daga Tambuwal, ta Dogon Daji da Shagari da Boɗinga, kuma na yi ta ne ba tare da na sa ko ruwa a bakina ba, don mai irin cikina ya san kowane daji da ke gefen hanya da idon mai neman mafaka. Aka ce za a zura mini na'ura mai fitila da kyamara ta ƙasa a leƙa hanji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka leƙa, aka ga bangon babban hanji ya yi jawur, ya kumbura, yana tsattsafar jini ko an ɗan shafe shi. Aka ɗebi ɗan tsoka aka kai ɗakin bincike. Likitan da ya duba ni ya tsaya a kan maganar da na faɗa a gefe, wato ciwon baya, ya yi mini tambayoyi kamar wanda ya taɓa kwana a ɗakina: yana tashe ka da dare? Da safe minti nawa kake yi kafin jiki ya saki? Idonka ya taɓa yin ja yana ƙin haske? Ya tura ni hoton ƙashi. Hoton ya nuna cewa gaɓoɓi biyun da ke haɗa ƙarshen ƙashin baya da ƙashin ƙugu sun fara cinyewa.

Na hanjin sunansa kolaitis mai gyambo. Wani likita a Landan, Samuel Wilks, shi ya bambanta shi da atini tun 1859. Na bayan kuwa amosanin ƙashin baya ne mai kumburi, wanda likitan Rasha Bekhterev ya yi bayaninsa a 1893, kuma idan ya yi nisa yakan manne ƙasusuwan baya su zama sanda guda kamar gora. Asalinsu ɗaya: garkuwar jiki, wadda aka halitta don ta yaƙi baƙo, ita ce ta juya kan 'yan gida. Babu ƙwayar cutar da za a kashe a huta, kuma ba a ɗaukarsa a kwano ko a musafaha. A 1973 masu bincike suka gano cewa mafi yawan Turawan da ke da ciwon bayan suna ɗauke da wata alamar gado a jini da ake kira HLA-B27. A Afirka ta Yamma alamar ba ta da yawa, har ma an yi wani bincike a Gambiya aka same ta a jikin wasu Fulani ba tare da ciwon ba. Wannan na daga cikin abin da ya sa aka daɗe ana ɗaukar cututtukan nan a matsayin na Turawa. Ni dai na san Bature bai taɓa shiga zuriyarmu ba. Ra'ayina shi ne, inda na'urar leƙa hanji take nesa da mutane, a nan ake cewa ciwon hanji ba shi da yawa.

A ranar ce kuma na gane irin tarkon da nake ciki. Ƙwayoyin da suka fi kwantar da ciwon baya, wato dangin diklofenak da aibufurofen, su ne ke iya tayar da gyambon hanji. Abin da baya ke roƙo, ciki ke tsine masa. Gaba kura, baya sayaki. Aka ɗora ni a kan salfasalazin, maganin da wata likita 'yar ƙasar Suwidin, Nanna Svartz, ta haɗa a farkon shekarun 1940 don masu ciwon gaɓoɓi, sai aka ga ya fi yi wa masu gyambon hanji amfani. Yana kwantar da hanji, yana taimakon gwiwa da idon sawu, amma ƙashin baya bai san da zamansa ba. Akwai allurai na zamani, irin su infiliksimab da adalimumab, da ke kama ciwon biyu a lokaci guda. Suna son firiji, suna son a tabbatar babu tarin fuka a ɓoye, suna kuma son aljihun da malamin makaranta ba shi da shi. Likita ya faɗi kuɗinsu, na yi murmushi, shi ma ya yi, muka wuce zuwa magana ta gaba.

Maganar ta gaba ita ce abinci. Ya gaya mini a fili cewa abinci bai kawo ciwon ba, kuma ba zai warkar da shi ba. Wanda ya bar magani ya dogara da tukunya kaɗai zai dawo a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Abin da abinci ke iyawa shi ne ya rage wa hanji mai rauni wahala, ya kuma mayar wa jiki abin da yake zubarwa. Bai ba ni jerin halal da haram ba. Ya ce in sayi littafin rubutu, in riƙa rubuta abin da na ci da abin da ya biyo baya, domin cikin kowa da irin fushinsa.

Littafin nan ya zama malamina na biyu. A gefen hagu abin da ya shiga, a gefen dama sau nawa na zagaya, da jini ko babu, da minti nawa baya ya ɗauka kafin ya saki. Bayan wata huɗu na fara karanta kaina kamar yadda nake karanta takardun jarrabawar yara. Abu na farko da ya fito fili shi ne dusa. Gero da dawa ba su da laifi a wurina. Ɓawonsu ne ke da shi. Kunun da aka surfa hatsinsa da kyau, aka wanke, aka niƙa, aka tace da ƙyalle mai laushi, yana sauka lafiya ko a ranar da ciwo ya tashi. Wannan hatsin dai, in an yi dambu ko tsaki da shi, sai ya bi hanjina kamar an ja ƙaya a kan gyambo. Tuwon shinkafa mai laushi ya zama aboki, haka dankalin Hausa dafaffe ba ɓawo, da kabewa, da ayaba, da gwanda nunanna. Miyar kuka da ta kuɓewa, waɗanda yara ke raina wa yauƙi, su ne suka fi tausaya mini, muddin ba a cika musu barkono ba. Kifin gulbi dafaffe da ƙwai da naman kaza sun tsaya mini a lokacin da jan nama ya gagara.

A ɗaya ɓangaren kuwa akwai duk abin da ke sa rayuwa daɗi a ƙasar Sakkwato. Kilishi da tsire da yajinsu. Ƙosai da zafinsa da safe. Wake kowane iri, ko alala ko ɗanwake. Kwaɗon zogale da na rama da ƙuli-ƙuli da ɗanyar albasa, mu da albasa ke kewaye da mu tun daga fadamunmu har Aliero. Miyar sure mai tsami. Goro, wanda ke zaburar da hanji kamar an sa wa doki ƙaimi. Madarar gari a shayi. Ba duka ne suka haramta har abada ba. In ciwo ya kwanta na watanni, nakan dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, in ba kowanne kwana uku ya nuna halinsa. Zogalen da aka dafa ya yi luguf ya dawo. Alala ta wake da aka cire wa ɓawo ta dawo. Kilishi har yau bai sami biza ba, kuma ina jin haushin haka fiye da yadda ya kamata dattijo ya ji.

Akwai lissafin da ba a gani a ido. Jinin da ke zuba yana tafiya da ƙarfen jiki, shi ya sa hawa matakala uku ke sa ni haki. Sai na koma ga hanta dafaffiya sau ɗaya a mako da ƙwayar ƙarin jini, na kuma raba shayi da lokacin cin abinci, don shayi yana hana jiki tsotsar ƙarfen. Salfasalazin yana rage wani sinadari da ake kira folik asid, sai an haɗa shi da ƙwayarsa. Firednisolon, wanda ake ba ni na 'yan makonni in ciwo ya yi tsanani, yana cin ƙashi a hankali, ga shi ƙashin nawa dama yana cikin yaƙi. Saboda haka ba zan iya rabuwa da nono baki ɗaya ba. Sa'ar da na yi ita ce kindirmo ya fi ɗanyar madara sauƙi a ciki, domin tsamin da ya yi ya riga ya cinye wani kaso na sukarin madarar da ke kumbura ciki. Sharaɗinsa ɗaya: a tafasa madarar kafin a kwantar da ita. A ranakun zawo kuma akwai lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, abin da muke koya wa iyaye mata don jarirai, ga shi ya dawo kan malam.

Wani ɗalibina na dā da ke jami'a ya taɓa turo mini bayani ta waya a kan wani farfesa a Landan, Alan Ebringer, wanda ya yi hasashen cewa wata ƙwayar cuta ta cikin hanji mai suna Kilebsiyela ce ke tunzura garkuwar jiki ta far wa ƙashin baya, kuma tunda da sitaci take rayuwa, mai ciwon ya rage sitaci ƙwarai. Na karanta da zumuɗi, don a karon farko ga wanda ya haɗa cikina da bayana a jimla ɗaya. Sannan na zagaya kasuwar Tambuwal a zuci, ina cire duk abin da ke da sitaci. Gero ya fita, dawa ta fita, shinkafa da masara da rogo da dankali suka bi su. Abin da ya rage nama ne da kifi da ƙwai, waɗanda albashina ke gaishe su daga nesa, sai ganyaye, waɗanda hanjina ba ya so. Na kai wa likita maganar, ya ce hasashe ne da har yanzu manyan gwaje-gwaje ba su tabbatar ba, kuma mutumin da ya riga ya rame ba shi da naman da zai yi caca da shi. Littafina ma ya goyi bayansa ta wata fuskar: shafin ciki da shafin baya ba sa tafiya tare. Akwai watannin da hanji ya yi lakadan, baya yana ta kuka. Akwai makon da na zagaya sau takwas a yini, baya kuwa shiru. Gwiwata ce kawai ke bin umarnin hanji, in ya tashi ta kumbura, in ya kwanta ta saɓe.

Duk wannan lissafi ne na mutum da cikinsa. Wanda ya fi shi wuya shi ne na mutum da mutanensa, domin a wurinmu ci ba aikin mutum ɗaya ba ne. A ƙofar gida ake fito da akushi, maƙwabta su haɗu, kowa ya sa hannu. Wanda ya janye hannunsa ya yi magana ko bai buɗe baki ba: ko yana ƙyama, ko yana zargin sammu, ko ya fara jin kansa. A wurin suna da ɗaurin aure nakan karɓi kwano in yi godiya in riƙe, in jira yaro ya gifta in miƙa masa. Wasu sun ce boko ne ya yi mini yawa. Wani dattijo ya ce da ni, cikin raha mai ƙaya, "Malam, ai ciki ba shi da ido." Na ce, "Gaskiya ne Baba, amma nawa yana da riƙo."

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne Kebbe. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallon tsabar idona ta tambaye ni yaya jiki ba, kuma ba za ta yi ba har abada. Kunyar ɗan fari ta hana. Duk abin da ke zuciyarta game da ni a ƙwaryar fura take zuba shi. Tun ina makarantar kwana, in na dawo, kafin in cire takalmi ƙanwata ta fito da ƙwarya an rufe da faifai, fura ce da ta kirɓa da hannunta, da citta da kanumfari da barkono, an dama da nonon da aka kawo da safe. Wannan ita ce "sannu da zuwa", ita ce "na yi kewarka", ita ce "Allah Ya yi maka albarka". Kuma a littafina babu abin da ya kai wannan fura laifi: ga tsakin gero, ga yaji, ga nonon da ba a tafasa ba.

Sau biyu ƙwaryar ta koma ciki yadda ta fito. A karo na uku na ji muryar Inna ta bayan zana, tana magana da ƙanwata amma da ni take: "Ki ce ma wancan, wagga hura da ita munka yaye shi. Yau kuma ita ta guba? Ko matatai ta hana shi cin abin hannuna?" Na zauna a zaure na rasa ta inda zan ɓullo. Yaya ɗa zai yi wa uwar da ba ta kiran sunansa bayanin jini da majina da masai? Kalmomin da likita ya faɗa mini cikin minti biyar, babu ɗaya da zan iya ɗauka in tsallaka da ita wannan zana. Ga kuma matata, wadda ke tashi tun kafin kiran salla ta yi surfe da tata, ta ɗora tukunya biyu a gidan da dā ɗaya ke isarsa, ita ce aka ɗora wa laifi.

Mata suka warware abin da ya gagare ni. Matata ta je Kebbe ta kwana uku ba tare da ni ba. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san ta tafi da ƙyallen tata guda biyu ta dawo da ɗaya. Zuwana na gaba ƙwarya ta fito kamar kullum, da faifanta. Na buɗe na ga fura fara sol, an surfe geron har ya yi kamar shinkafa, an dama an tace, babu barkono, sai ɗan ƙanshin citta daga nesa, da kindirmon da aka tafasa madararsa a gida. Ba ta kai ta dā daɗi ba. Na shanye tas, na kife ludayi a ciki yadda za a ji ƙararsa daga cikin gida.

Ibada ma sai da ta sake tsari. Alwala ba ta daɗewa a jikin mai irin cikina, har sai da wani malami ya nuna mini sauƙin da malaman Malikiyya suka yi wa wanda abu ke fita masa ba da ikonsa ba a mafi yawan lokaci. Ya kuma tuna mini da sahabi Imrana ɗan Husaini, wanda basir ya dame shi aka ba shi izinin salla a zaune in tsayuwa ta gagara. A hunturu, lokacin da baya ke ƙagewa kamar busasshen ƙirgi, nakan yi Asuba a kan kujera a ƙarshen sahu, ni da tsofaffi biyu da suka haifi kamata. Azumi kuwa shekara-shekara ne muke yanke hukunci da likita. Shekarar da ciwo ke kwance na yi shi cikakke, da kunu tatacce da sahur da buɗa baki ba ƙosai. Shekarar da ya tashi a tsakiyar bazara, ga zafin Sakkwato da ke haura digiri 40, ga ruwan jiki na zuba, na sha na rama a hunturu. Cin abinci a ɓoye da rana a watan Ramadan, a gidan da har ɗanka ɗan shekara tara ya ɗauka, wani irin kaɗaici ne da ban taɓa jin an ba shi suna ba.

Baya shi abincinsa motsi ne. Kowace safiya kafin in fita nakan kwanta rub da ciki a kan tabarma na minti goma, in miƙe in jingina dugadugai da kafaɗu da ƙeya a bango, in ja numfashi mai zurfi don kada haƙarƙari su manne. Na bar katifa mai laushi da matashi mai tudu. Na rage hawa babur zuwa Kebbe, wanda dama halin tsaro ya sa ba a bin hanyar sai rana tsaka. A aji ba na zama. Ina koyarwa ina zagaye, yara suna tsammanin sa ido ne. Shugaban makarantarmu ya mayar da darussana zuwa bayan ƙarfe tara, ya kuma ba ni ajin da ya fi kusa da makewayi ba tare da ya ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota zuwa Sakkwato da kuɗin magani suka tashi tare, ƙwai da kifi suka bi su. Yanzu nakan sayi maganin wata biyu a lokaci guda in albashi ya shigo, kafin a taɓa komai, sannan a yi cefane da abin da ya saura. An kuma gaya mini cewa wanda gyambon ya daɗe a hanjinsa, daga shekara ta takwas ya kamata a riƙa leƙawa lokaci-lokaci, saboda kumburin da ya daɗe yana iya rikiɗa ya zama daji. Tawa shekara ta takwas baɗi ce. Na ware buhu biyu na geron bana a rumbun Kebbe don kuɗin wannan leƙe, na ce kada a taɓa. Makon jiya ƙanwata ta aiko mini cewa Inna ta sa an ƙara na uku daga nata kason, ta kuma ce a gaya wa wancan kada ya sayar yanzu, ya bari sai bazara in hatsi ya yi daraja.